Ruwan Kalwa a Rariyar Duba-Gari

Babanmu duba-gari ne, irin wanda in an hango kakinsa daga bakin layi mata ke rige-rigen ɗaukar tsintsiya. A shekarun saba'in da wani abu, muna Unguwar Kanawa, babu abin da ya tsana kamar ya ga ruwan datti na bin kwata. Kullum karatunsa ɗaya: kwata rafi take zuwa, rafi Kogin Kaduna, kogin kuwa shi ake tacewa a turo mana a famfo. Don haka kowane gida sai ya haƙa rami, ya cika shi da duwatsu, ruwan wanke-wanke ya nutse a nan. Wanda ya ƙi, sammaci. Gidanmu ne kaɗai ba shi da ramin, domin Baba yana ta shirin haƙawa aikin mutane ya hana shi.

Ana haka kakarmu, mahaifiyar Baba, ta zo daga Katsina jinyar ƙafa. Ƙafa ta warke, zaman banza ya ishe ta, ta aika Babbar Kasuwa aka auno mata kalwa ta kama sana'arta ta daddawa. Baba na fita take wanke dafaffiyar kalwa, baƙin ruwan da ɓawon su bi rariyar bayan gida. Wari kam har kayan makarantarmu sun ɗauka. Amma hancin Baba, da ke jiyo kwatar wani daga layi na uku, bai taɓa jin na gida ba. Miya dai yake yabawa, har da neman ƙari.

Masu wanki a bakin rafi ne suka kai kuka ofis, wai fararen rigunan mutane sun koma warin miyar kuka. Shugaban su Baba ya fito da kansa, Baba ya sha alwashin a ranar zai kamo mai laifin. Suka biyo ɓawon kalwa tun daga rafi, Baba yana gaba yana faɗa, mutanen da ya taɓa kai wa sammaci suna biye, wani na fatan ba maƙwabcinsa ba ne, wani kuma na fatan shi ɗin ne. An ce tun da suka shigo layinmu muryarsa ta fara raguwa. Da suka tsaya a bayan katangarmu ta ɗauke gaba ɗaya.

Shugaban ya tambayi gidan wane ne. Sai tari ya kama jama'a. A daidai lokacin Kaka ta sake tuttulo wani masakin, ruwan ya wanke wa Baba takalmi.

Ta leƙo ta ƙofar baya. Da yake Baba ɗanta ne na fari ba ta kama sunansa, sai ta dubi shugaban ta ce, "Sannunku da rana. Mi yaron ga ya yi maku?"

A gaban idona Baba ya tsufa. Na ji tausayinsa ƙwarai, domin in ya kau da kai ba zai ƙara iya tsayawa ƙofar kowa ba, sammaci kuma ba a kai wa uwa. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "gidan ba shi da rami. Mai gidan za a kama, kuma na san inda yake."

Ranar Asabar ya tuɓe kaki ya kama diga. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarma a inuwa, suna tuna masa zurfin da ya ce doka ta tanada, duk ya ɗago su ce da saura. Kaka ta kawo masa kunu, ta leƙa ramin, ta ce wa jama'a su yi masa haƙuri, tun yana ƙarami ba ya gama aiki sai an tsaya a kansa.

Da daddare ya ture kwanon tuwo bai taɓa ba. Ya ce miyar tana wari.