Marayan da ɗana ya bari

Ban taɓa shiga aji ba, amma a Tsiga in ana suna ko biki ni ake aika wa in zo in ba da labari. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, shi ya ce labaran nan ba za su bi ni kabari ba. Malami ne a Funtua, kuma yana cikin wasu mutane na ƙasashe barkatai masu haɗa abin da ke tafiyar da kwamfuta su raba kyauta, kamar aikin gayya. Nasa rabon shi ne abin da ke sa na'ura ta rubuta baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Da shi yake rubuta labaraina. Ya ce in babu shi, ɗa ma sai ya koma da.

Da damina mota ta kife da shi a hanyar Malumfashi.

Bayan matarsa ta fita takaba, ta kawo mini yaransu uku yini. Ina sheƙar dawa na ji ta tana waya: "Sun ce ya zama maraya. In ba wanda ya ɗauka, fitar da shi za su yi."

Na ɗauka wani ɗa ya bari a waje. Na je na share ɗakin da nake ajiye wake, na shimfiɗa tabarma, sannan na kira ta.

"'Yar nan, ku kawo shi. Ko ta wace hanya ya zo, jinina ne."

"Wa, Inna?"

"Marayan."

Ta fara dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

"Aikinsa na baƙaƙen nan ne, Inna. Da, abokan aikinsa komai a buhu ɗaya suke zuba shi. Yanzu sun koma ƙulli-ƙulli kamar kayan miya, kowa ya zaɓi irin da yake so. Sai dai kowane ƙulli sai da mai shi, ya ɗaure shi yadda sabon tsarin yake so. Wanda ya rasa mai shi, maraya suke ce masa."

"Ba su ji rasuwar ba?"

"Sun ji, har ta'aziyya sun yi. Hannu ne ya yi musu kaɗan."

"Ke kin iya ɗaurin?"

"Ya koya mini. Amma ga makaranta, ga yara. Yaushe?"

Na dubi ɗakin da na share.

Yaran suna wurina yanzu, ita tana Funtua da ƙullin. Gwiwoyina sun gaji, biki ma na daina zuwa, an fara aika wa wata. Rannan na tambaye ta ko ta gama, ta ce ba a gamawa, duk fitowar sabo sai an sake ɗauri. Ita ce ma ke rubuta wannan, na kuma sa ta nuna mini lanƙwasar da ke kan ɗa da yatsa, na ga tana nan.