Ƙwaryar Auren Zinariya

Duk wanda ya yi wayo a Gummi kafin shekarun tamanin ya san zauren Ɗalhatu Mai Ƙwarya, don tun daga bakin lungu ake jin ƙaurin duma da zafaffiyar wuƙa ta taɓa. Gajere ne, baƙi, bayansa ya ɗan tanƙware saboda shekara arba'in da ya yi a duƙe. Gonarsa ta duma tana fadamar gulbi. Shi ke shukawa, shi ke fafewa, ya jiƙa, ya kankare, ya shanya, sannan ya zauna zane. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba, amma in ya ja layi a bayan ƙwarya sai ka rantse da ma'auni ya ja shi.

Kasuwarsa ba a Gummi take ba. Kowace shekara in sanyi ya fara ja da baya, sai ya jera ƙorai cikin raga, ya aza wa jakunansa uku, ya bi ta Jega da Kamba ya ƙetare zuwa Nijar, wadda har ya koma ga Allah "Faransa" yake ce mata. Can bayan Gaya akwai rugar wani Bafillace mai suna Dabo, shi ne mai masaukinsa shekara ashirin da doriya. In Dabo ya hango shi sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ga Kaɗo nan ya taho shanye muna nono!" Ɗalhatu ya ce, "Bahillace, in ban taho ba, a tahin hannu za ku yi tatsa?"

Matan rugar ba sa sayen ƙwarya da ka. Wadda ke so takan yanko kaba, ta auna faɗin bakin da take buƙata, ta ƙulla, ta ba shi. Kowace mace da irin ƙullinta, kuma Ɗalhatu ya san su duka. Da damina yakan shiga gona da damin kaban nan a aljihu yana gwada su a jikin duma, wanda ya dace ya yi masa shaida da farce, ya bar shi ya ƙosa. Ba takarda, ba shaidu. Baɗi war haka ya kawo, shi ke nan.

A zuwansa na 1983, ranar da zai juyo, Kulsum matar Dabo ta kira shi bayan bukka ta zuba masa kaba goma sha biyu a hannu. 'Yarsu Zinariya za ta yi aure baɗi kafin ruwan fari. A wurinsu ƙoran jere su ne mutuncin amarya da na uwarta, su ake shimfiɗawa a fili mata su zagaye suna kallo. Zinariyar nan kuwa a gaban Ɗalhatu aka haife ta, shi ma ya laƙaba mata sunan saboda haskenta, har na yankan ya ɓace.

"Ba na son na kasuwa," in ji Kulsum. "Zanen uwata nake so, wanda ka gani ga tsohon masakina. Za ka iya, ko hannu ya fara rawa?"

"In ina numfashi," ya ce, "kafin zahi ya yi ƙarhi kin gan ni."

Daminar ta yi kyau. Ya sami duma goma sha biyu daidai da awon, ya ɓata wata biyu a kansu su kaɗai. Matarsa Hindu takan leƙo zaure ta ce, "Malam, ni da aka kawo ni gidan ga da ƙoƙo biyu da ludayi, ashe ka iya wanga aiki?"

Yana cikin haka ne wani ma'aikaci ya zo garin a kan ɗan babur, Malam Filibus, mutumin kudancin Kaduna. Gwamnati ce ta aiko shi ya tara masu fatauci zuwa ƙetare. Aka taru a wani aji na firamare, masu taba daga Anka, masu wake daga Bukkuyum, masaƙa da majema, dattawa da gemunansu a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Filibus ya ce musu al'amarin iyaka zai canza, ba da daɗewa ba za a daina wucewa da gaisuwa da goro. Don haka aka ce ya shirya su tun da wuri. Za a haɗa su ƙungiya, a ba kowa kati mai hoto, a koya musu cike takardar fito ta kwastan, a ba su babbar mota ta kwashi kayansu gaba ɗaya, a kuma nema musu masu saye a cikin gida ko da hanya ta yi wuya.

Kwana uku aka yi. Filibus bai raina kowa ba. Ya je har zauren Ɗalhatu, ya tsuguna, ya daɗe yana juya wata ƙwarya a hannu. "Baba," ya ce, "shekarunka nawa kana bin jaki kwana tara? Mota kwana ɗaya ne. Ka huta mana."

Ranar ƙarshe aka karanta musu takardar shiga. A cikinta akwai cewa ɗan ƙungiya ba zai fitar da kaya ta barauniyar hanya ba, sai ta ƙofa, da katinsa. Kowa ya dangwala yana raha. Da aka zo kan Ɗalhatu sai ya gyara hula, ya yi bisimilla a bayyane, ya ce, "Na ɗauka, Allah shi ne shaida," sannan ya danna babban yatsansa. Shi bai taɓa sa hannu a takarda ba. A saninsa, abin da mutum ya ɗauka a gaban jama'a, haka ake ɗaukarsa.

Aka ce mota za ta zo a watan uku. Ya sayar da jakunan ya ƙaro duma daga maƙwabta, tunda yanzu akwai wurin zubawa. Lokacin tafiyarsa na kullum ya zo ya wuce. Katunan suka makara a Sakkwato, aka ɗaga tafiya zuwa ƙarshen watan huɗu. Hindu ta fara magana.

"Malam, ka ari jakin maƙwabcinmu Nuhu ka kai na yarinyar nan su kaɗai, ka dawo ka jira motarku."

"Ba kati zan tahi? Mako uku ne ya rage. Ruwa bai sauka ba tukuna."

Katin ya zo ranar wata Litinin, da hotonsa ya zaro ido kamar an tsorata shi. Hindu ta yi dariya har da riƙe ciki. A cikin makon ne rediyo ya faɗi cewa an rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya, ba shiga ba fita.

Da farko kowa cewa yake kwana kaɗan ne. Da aka ga abin ya ƙi ƙarewa, sai 'yan ƙungiya suka fara sulalewa ta daji, ɗaya bayan ɗaya. Nuhu maƙwabcinsa, wanda suka dangwala tare, ya zo ya same shi. "Jibi za mu bi ta bayan Kangiwa. Ka taho, in ba ka jaki guda."

"Kai ba ka dangwala ba?"

"Tawada ce, Ɗalhatu! Tun ranar na wanke ta."

"Ni da sunan Allah na dangwala tawa."

Filibus da kansa ya zo, don Hindu ta aika masa. Ya zauna yana murza makullin babur. Shi ma'aikaci ne, ba zai ce wa mutum ya bi daji ba. "Baba, takardar nan ba rantsuwa ba ce," ya ce a hankali. "Ka'ida ce ta ƙungiya. Ni ban san za a rufe gaba ɗaya ba, wallahi da ban tsayar da kai ba."

"Kai ka ce in tahi?"

Filibus ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya cewa haka ba."

"To, ka gani."

Ba wai hankalinsa ya kwanta ba ne. Alkawari biyu ne a wuyansa, kuma ya san da haka. Abin da ya riƙa gaya wa kansa shi ne, na Kulsum jinkiri ne kawai, za a buɗe wata mai zuwa, Dabo zai ɗaga biki ya jira shi. Ya ba Nuhu saƙon baki, amma Nuhu bai kai Gaya ba, daga wata kasuwa ta kusa da iyaka ya juyo. Ɗalhatu ya naɗe ƙoran goma sha biyu da tsohon zane ya rataye a rufin ɗaki. Duk Juma'a yakan sauke, ya duba ko gara ta taɓa, ya mayar.

Daminar shekarar ba ta yi ba. Gero ya bushe a tsaye, labarin da ke zuwa daga arewa kuma ya fi muni, wai shanu na faɗuwa a kan hanya. A nan ne taimakon Filibus ya yi rana. Ya cika maganarsa, ya kwashi ƙoran 'yan ƙungiya a motar nan zuwa Kaduna, ya samo masu saye da ke zuwa har Gummi. Gidan Ɗalhatu bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, har dangi daga Bukkuyum suka zo suka raɓa. Mutane na cewa ya yi dabara da ya riƙe ƙungiya. Shi kuwa in an sa tuwo sai ya ci loma uku ya tsame hannu. Wani mai saye ya hango naɗin da ke rataye, ya nace a kwance masa. Ɗalhatu ya ce, "Suna da mai su."

Sai a watan uku na 1986 aka buɗe. Motar farko da ta tashi yana ciki, da naɗin a kan cinyarsa, ya ƙi yarda a sa a baya. A Kamba ya miƙa kati, aka duba, aka buga hatimi, aka ce ya wuce. Ko minti biyar ba a yi ba.

Daga Gaya ya taka da ƙafa. Inda rugar take sai filin Allah, da duwatsun murhu uku-uku, da turakun maruƙa da gara ta cinye. Ya koma gari yana tambaya a kasuwar shanu, har wani dillali ya ce akwai wata 'yar Dabo da ke daka a gidan wani attajiri.

Ya same ta a bakin turmi da goyo a baya. Ta rame, hasken nan ya dushe. Ta ɗago ta gan shi, sai ta saki taɓarya ta ja da baya tana salati.

"Zinariya, ni ne."

"Baffa? Kai ne da ranka?"

Ta durƙusa ta kama gefen rigarsa, ta daɗe tana kuka kafin magana ta fito. Shanun sun ƙare, saura biyar, Dabo ya kora su kudu ya shiga ƙasar Benin, har yau ba labari. Kulsum ta rasu cikin yunwar. Auren an ɗaura shi, bayan an ɗaga har sau biyu, ba jere, ba kowa, mijin yanzu yana dako a bakin kogi.

"Inna kullum tana fita bakin hanya," ta ce. "Mata suka fara yi mata dariya, wai Kaɗo ya sami kasuwar da ta fi. Ta ce ƙarya ne, ai ya ce in yana numfashi zai zo. Da ruwa ya sauka ba ka zo ba, sai ta ce to ya rasu. Baba ya tara mutane aka yi maka addu'a. Nonon ranar duka Inna ta bayar sadaka, ko na maruƙa ba ta rage ba."

Ɗalhatu ya kwance naɗin a ƙasa, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ƙorai goma sha biyu, ɗaya cikin ɗaya, fes kamar jiya aka gama. Ta ɗauki babbar, ta bi zanen da yatsa, ta gane na kakarta ne. Ba saniyar da za ta tatsa a ciki, ɗakin da suke haya ma ba shi da inda za a jera su.

"Ciwo ka yi, Baffa?" ta tambaya. "Ka daɗe kwance, ko?"

Ta buɗe masa hanya, da ya ce e da ta karɓa da hannu biyu. Ya dubi ƙasa.

"Ban yi ciwo ba, ɗiyata. Ko ciwon kai. Ina gida lahiya lau."

Ta dube shi tana jiran sauran bayanin. Ya buɗe baki zai faɗi zancen kati da mota da yatsa, sai ya ji ba ɗaya da zai iya furtawa a gaban turmin nan. Daga cikin gida uwar ɗakinta ta ɗaga murya tana tambaya ko geron ya yi. Zinariya ta mayar da ƙwaryar cikin 'yan'uwanta, ta ja zanen ta rufe su, ta gyara goyonta.

"Ka zauna inuwa, Baffa," ta ce. "Bari in ƙarasa, in kawo maka ruwa."

Ta ɗauki taɓarya.