Famfon Da Ba Ya Kawo Ruwa Sai Ya Ga Baƙo

Shekarun baya, lokacin da China ke ta share gida saboda wasannin Olamfik, ina zaune a Guangzhou ina yi wa maigidana sayayya. Shi yana Kano, ni ina wani ɗan tsukukun ɗaki a unguwar Dengfeng. Aikina in nemo wayar lantarki ta jan ƙarfe, wadda muke cewa kopa, in tabbatar ba a cusa mana alminiyon a ciki ba, in tsaya a loda a kwantena.

Kamfanin da muke sayen wayar yana bayan gari, a gefen hanyar da mutanenmu ke bi in za su sayo tayil. Tsofaffin wayoyi suke narkarwa su ja sabuwa. Katangarsa ta baya kuwa ta jingina da wani ƙaramin ƙauye. Ranar da na fara zuwa, mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa laoban, wato maigida, ya tsayar da ni gaban wasu hotuna a ofishinsa. Jerin famfuna ne da jan ƙyalle, ga tsofaffi suna tafi. Ya ce ruwan wanke ƙarfe ne ya taɓa ɓata rijiyoyin ƙauyen, shi ne kamfani ya ja musu ruwa mai kyau kyauta. Abin ya burge ni. Har na buga wa maigidana waya na ce, “Alhaji, mutanen nan ba sa salla, amma wallahi sun san haƙƙin maƙwabci.”

Da azahar ta yi, na leƙa banɗakin ma'aikata na ga ba wurin da zan yi alwala ba ne. Sai na ɗauki butata na fita ta ƙofar baya na nufi famfunan nan. Ruwa garau, ga sanyi. Ban kai ga wanke ƙafa ba sai ga mutane suna ta ɓullowa daga lunguna, wannan da bokiti, wancan da jarka, kowa fuska a washe, ana ta ce mini “ni hao”, wato sannu. Wata tsohuwa 'yar gajeruwa mai malafa, ta rato bokiti biyu a sanda bisa kafaɗa, ta zo ta dumbuza mini wasu 'ya'yan itace masu jan ɓawo a hannu, tana ta sunkuyar da kai.

Na sake zuwa, haka. Na kuma, haka. Har ta kai da na sauko daga mota ake kiran juna ta taga. To ni kuma me zan ɗauka? Na ɗauka farin jini ne. Na fara sa babbar riga in zan je, a zafin Guangzhou ɗin nan mai sa mutum ya jiƙe kafin ya ƙarasa bakin titi. A gidan abincin da muke haɗuwa a unguwar Xiaobei kuwa na ishi kowa da labari, wai akwai wani ƙauye da in na tsaya takara ba hamayya.

Akwai wani abokina ɗan Damagaram, a China ya yi karatu, yana jin yarensu, tafinta yake yi wa 'yan kasuwa. Kun dai san tsakaninmu da Damagarawa. Ya ajiye cokali ya ce, “Bakano da farin jini? Sai dai in bashi ka raba musu. Gobe da ni za a je.”

Muka je. Aka fito kamar kullum, na dube shi ina murmushi. Shi kuwa ya wuce wajen tsohuwar nan ya karɓi bokitinta ya tara mata, suna ta magana, rabi da baki rabi da hannu, don yaren ƙauyen ya ɗan bambanta da nasa. Can na ga ya fashe da dariya har da dafa katanga. Sai kuma dariyar ta ɗauke.

Ya dawo ya ce, “Bawana, ba kai suke wa murna ba. Pampon ne.”

Ashe makunnin bututun yana cikin kamfani, a hannun maigadi. An ba shi umarni, in ya ga baƙo daga waje ya buɗe, in baƙo ya tafi ya rufe. Turawa masu duba kamfanoni ba su cika zuwa ba, ni ne nake yawan zuwa. Saboda haka a ƙauyen, ganina shi ne zuwan ruwa. Ran da babu baƙo, sai rijiya, wadda ruwanta ya yi kore-kore, yana ɗanɗanon tsatsa. Mijin tsohuwar yana kwance da ciwon ciki, ruwan famfon kaɗai take yarda ta ba shi.

Abokina ya ce, “Ta ce in tambaye ka yaushe za ka sake zuwa, don ta san yadda za ta yi tattalin wanda ta ɗiba.”

Na ji babbar rigar nan ta yi mini nauyi. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar shi ne na san amsar. Bizata ta kusa ƙarewa, kuma a lokacin, saboda wasannin, sabuntawa ta yi wuya, mutanenmu sai tattarawa suke suna komawa gida. In na tafi, ruwan tsohon nan ya tafi.

A ranar na tari laoban da maganar, muna shan shayinsu na ƙananan kofuna, abokina yana fassara. Mutumin bai musa ba. Ya ce bututu ɗaya ne, in an buɗe wa ƙauye sai ruwan sanyaya waya ya yi rauni, aiki ya ja baya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, “Meiyou wenti,” wato babu matsala, za a duba. Na fito ina jin na kashe magana. Abokina ya ce, “Kai dai Bakano, ciniki kawai ka iya. Wannan kalmar ko gidansa ke cin wuta ita zai faɗa.”

Na ce to ya za a yi? Ya ce in tafi Kano kawai, in bar masa.

Abin da ya yi bai taka kara ya karya ba. Kawai ya baza a Xiaobei cewa duk wanda zai je sayen tayil, akwai wurin alwala mai tsafta a hanya, bayan kamfanin waya, a fara gaida maigadi a ƙofar gaba. Wanda ya taɓa neman inda zai yi alwala a kan titunan China ya san darajar wannan labari. Sai ga Kanawa, ga 'yan Nijar, ga 'yan zangon Ghana, duk wanda ya rage a gari, mota ta tsaya, a ɗaga wa maigadi hannu, a zagaya da buta. Shi kuma maigadin, bawan Allah, ba ya iya bambance mai sayen waya da mai wucewa. Ya ga baƙar fata da doguwar riga, ya ruga ya murɗa makunni. Azahar ruwa, la'asar ruwa.

Ina Kano abokina ya kira ni yana dariya. Wai laoban ya neme shi ya ce, “Wai abokan Bakanon nan nawa ne?” Ya ce masa ai duk mai salla abokina ne. Laoban zai iya soke umarnin, amma bayan wasannin kasuwa ta faɗi, masu saye sun yi ƙaranci, kuma cikin masu alwalar nan an sami waɗanda suka leƙa ciki suka sayi waya da gaske. Ba ya son ya kore su, ba ya kuma son injinsa ya riƙa tsayawa. Ƙarshe ya kafa ƙaton tanki a wajen katanga, yana cika lokacin da injuna ke hutawa, makunninsa kuma a cikin ƙauye, a hannun wanda mutanen suka zaɓa.

Sai da shekara ta zagayo na koma. Ban gaya wa kowa ba sai abokina da ya raka ni, na zagaya ta baya da butata. Na murɗa famfo, ruwa ya zubo. Na tsaya ina jiran a fara kiran juna ta taga. Shiru. Wata mata tana wanke ganye a famfon kusa da ni, ko ɗagowa ba ta yi ba. Can na hango tsohuwar tana shanya, wani tsoho yana zaune a kujera a bakin ƙofarta yana fifita. Abokina ya je ya ce mata ga mutuminta ya dawo. Ta dube ni daga nesa, ta faɗi wani abu, ta ci gaba da shanyarta.

Na ce, “Me ta ce?”

Ya ce, “Ta ce ka yi ƙiba.”

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ji haushi, don mutum yana son a yi murnar ganinsa. Ba kuma zan ce laoban ya zama waliyyi ba, rijiyoyin nan har na bar zuwa ba su gyaru ba. Amma tun daga lokacin, in na ga rijiyar burtsatse a garuruwanmu da ƙaton allon kamfani a kai, ba na tsayawa karanta allon. Tambaya nake, a hannun wa makunnin yake, kuma ran da ba a sa ran zuwan kowa, ruwa na zuwa?

An tarbe ni a wurare da dama a rayuwa, wasu har da yanka rago. Amma in na tuna Guangzhou, abin da ke sanyaya mini rai shi ne ranar nan da na yi alwala ni kaɗai a tsakiyar ƙauyen, na idar da sallata, na naɗe dardumata, ba wanda ya fito da bokiti.