Batakarin Alhaji a Jikin Bamoshiya

'Yata ta fari tana Kanada, can take aikin jinya. Ba na kiran sunanta a gida, a nan ma ba zan kira ba. Farkon zuwanta, in ta bugo waya ranar Lahadi muka gama gaisawa, sai ta shiga ba ni labarin barkwancin da abokan aikinta suke yi wa Amurkawa. Wai Ba'amurke zai tsallako iyaka ana tsakiyar zafi, ya jibga rigar sanyi, yana tambaya ina gidajen ƙanƙarar suke. Wai in ka taka ƙafar ɗan Kanada shi zai ba ka haƙuri, in ka taka ta Ba'amurke sai ya nemo lauya. Wai ɗan Kanada in zai yi tafiya sai ya liƙa tutar ƙasarsu a jaka don kada a ɗauka Ba'amurke ne. Tana faɗa tana dariya har hoton wayar yana rawa. Ni kuwa don ita nake murmushi.

Wata rana na ce da ita, "To su Amurkawan me suke mayarwa?"

Ta ce, "Mma, ai su ba su ma san ana yi ba."

"Ba a gabansu ake yi ba?"

"In akwai ɗaya a wurin sai a sassauta. Ba a son a ɓata wa mutum rai."

Babanta yana gefe da ƙaramin rediyonsa manne a kunne. Bai ko ɗago ba ya ce, "Wannan ai gulma ce, ba wasa ba." Ta yi dariya, muka koma wani zancen.

Mu asalinmu Dagomba ne, ni da mijina Alhaji duka, ko da yake a unguwar Nima ta Accra aka haife ni, Hausa kuma ita ce a bakina. Tun kafin mu yi wayo muka tarar Moshi jikokinmu ne na wasa. Duk Bamoshen da ya ga ɗan Dagomba, ko jariri ne, kakansa ne, yana da damar ya tsokane shi, ya ɗauki abinsa, ya zage shi a bainar jama'a. Mu ma mu rama. Wanda ya yi fushi shi ne abin kunya.

Tawa jikar ta girme ni. Rumfarta tana jikin tawa a Kasuwar Malam Atta, ita daddawa da kanwa, ni wake da gero. Kowace safiya in ta iso sai ta zura hannu a buhuna ta damƙi wake, ta ce, "Kaka, ba ki mutu ba tukuna? Ina jiran gado."

In ce mata, "Ɓarauniya, ina kika ɗaure jakin da ya kawo ki?"

Baƙin da ba su san mu ba har tsayawa suke su raba faɗa. Shekarar da ruwa ya cika babbar kwata ya shigo mana ɗaki, ita ta kwashe mu zuwa wurinta a Maamobi, ni da yara. Tana zuba mana tuwo tana gaya wa maƙwabta wai Dagomba sun zo cin banza. Ita ta goya 'yar tawa a kasuwa lokacin da bayana yake ciwo. Da na shiga makarantar manya a Kanda ina koyon rubutu, ita take tsare mini rumfa, in na dawo ta ce tsohuwa ta je a koya mata abin da jikokin jikoki suka sani.

Alhaji ya rasu ranar wata Talata da safe, aka kai shi kafin la'asar. 'Yar tawa ba ta samu zuwa ba, ta ce sai arba'in. Ni kuwa tun da aka fita da shi na zama kamar icce. Hawaye bai zo ba, abinci bai shiga ba. Mata suna shigowa suna fita, ina amsa musu da ka.

Ranar addu'ar uku, bayan malamai sun tashi, jikata ta shige ɗakin Alhaji ba ta tambayi kowa ba. Sai ga ta ta fito cikin batakarinsa, rigar saƙin nan tamu ta arewa, da hularsa, rediyon a kunne, tana jan ƙafar hagu yadda yake ja tun da ya bar tuƙin mota a tashar Circle. Ta yi gyaran murya irin tasa. Ta buɗe tukunyar miya ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Wa ya ƙarar da gishirin Accra a miyan nan?" Sannan ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, mutum ya ɗan fita sai a hana shi kokonsa?"

Dariya ta ƙwace mini. Ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ta zauna a tabarma da batakarin a jikinta ta riƙe ni har na gama, sannan ta miƙo mini koko na sha. Wani cikin masu zaman makoki ya ɗauki abin a waya, kafin yamma ya kai Kanada.

Da 'yata ta iso, ba ta ɗaga maganar ba sai ana gobe arba'in. Mun idar da sallar azahar, tana lissafa mini waɗanda za su zo, na ce ban ji ta ambaci jikata ba. Dama na lura kwana biyu ba ta leƙo ni ba, ni kuma ina takaba, ba na fita.

Ta ce, "Mma, na aika mata ta yi zamanta."

"Kin aika mata."

"Mahaifina ba abin dariya ba ne. Ina wurin aiki na buɗe waya, na ga mace ta sa kayansa tana kwaikwayon ɗingishinsa, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Wadda ke kusa da ni ta tambaye ni mene ne, na rasa abin da zan ce mata."

"Da kin ce mata jika ce take raka kakanta."

"Ba za su gane ba. A can wannan cin mutunci ne."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Tun suna yara, in raina ya ɓaci sai in ƙara yin ƙasa da ita, kuma sun sani. Na ce, "Ba a can aka binne shi ba."



Na ce, "Ke kike ba ni labarin yadda mutanenku suke yi wa maƙwabtansu dariya."

"Wancan daban. Ba a kan mamaci ba ne, kuma ba a fuskar mutum ake yi ba."

"Na sani. Kin tuna abin da babanki ya kira shi?"

Ta kau da kai. Na ce, "Matar nan tun kafin a haife ki take zaginsa a fuskarsa, shi ma yana ramawa. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, ita ta fara zuwa, ta ce masa ya daina lalaci ya tashi. Ya yi dariya har da tari. Ke kina ganin ranar da ya fi bukatar a tuna yadda yake tafiya, ranar za a ce ta rufe baki?"

"Mma, ni na yi duk hidimar goben nan."

"Allah Ya yi miki albarka. Amma mijina ne."

Na tashi na shiga ɗakin da ta sauka. Na san ta ninke batakarin ta sa a akwatinta, za ta tafi da shi. Na buɗe na ciro shi da hular. Ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ni zan riƙe shi."

Na ce, "Daga jibi naki ne. Gobe akwai mai sa shi."

A gabanta na kira jikata. Ta ɗauka da wata irin murya mai ladabi da ban taɓa jin ta a bakinta ba. Ta ce, "Hajiya, ya haƙuri?" Kalmar nan ta fi komai yi mini zafi. A tsawon zamanmu ba ta taɓa ce mini Hajiya ba.

Na ce, "Wace ce Hajiya? Ke ɓarauniyar wake, jakinki ne ya mutu da ba ki zuwa?"

Ta ce, "An aiko mini."

"Wa ya aiko? Yarinyar da kika goya ta yi miki fitsari a baya? Tun yaushe Moshi suka fara jin magana?"

Na ji numfashinta ya sauya. Ta ce, "Kaka, yarinyar tana cikin zafi. Kada in raba ki da 'yarki."

"Ba ki isa ba. Gobe in ban gan ki ba, ba zan fito in zauna a tabarmar nan ba, kowa ya yi addu'arsa ya tafi. Kuma in na koma kasuwa sai na gaya wa kowa Moshi matsorata ne."

Ta ce, "Tsohuwar banza." Ta kashe wayar. A nan na san za ta zo.

'Yata ba ta ƙara yi mini magana ba ranar, sai abin da ya zama dole. Ban bi ta da rarrashi ba.

Washegari aka kafa rumfa a lungu, aka jera kujerun roba. Malamai suka yi karatu, aka raba masa da goro, maza suka watse. Sai ga jikata ta shigo a hankali, ta raɓe can gefe cikin mata kamar baƙuwa. Na ɗaga batakarin daga inda na ajiye shi kusa da ni na ce, "Ga gadon da kike ta jira. Ko sai an kawo miki har inda kike?"

Mata suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ta dubi 'yata, wadda take tsaye wajen tukwane da ludayi a hannu. Sannan ta taso ta zura rigar, ta ɗora hular, ta kai rediyon kunne. Ta ja ƙafar hagu ta zagaya tsakar gida, ta yi gyaran muryar nan. Ba ta nufo ni ba. Wajen tukwane ta nufa, ta tsaya gaban 'yata, ta dube ta sama da ƙasa yadda babanta yake yi in ta dawo daga makaranta.

Ta ce, "'Yar ƙanƙara, sai yau? To su Amurkawan sun san kin taho, ko shi ma a bayan idonsu kika yi?"

Ban san ta san zancen ba. Ashe Alhaji ya sha ba ta labari a kasuwa.

Na riga na ƙudurta cewa in 'yata ta kore ta, zan tashi in bi jikata har bakin ƙofar da takaba ta yarda in kai, kowa ya gani. Hawaye ya zubo wa 'yar tawa, ba ta share ba. Ta ajiye ludayin, ta matso, ta kai hannu kan matar.

Ta ce, "Ba haka yake karya hular ba. Hagu yake kai ta." Ta gyara mata. Ta ja da baya ta duba, ta ƙara lanƙwasa bakin kaɗan. Sannan ta ce, "Ko kwaikwayon ma ba ki iya ba. Moshi dai sai sata."

Jikata ta juyo gare ni ta ce, "Kin ji ƙaramar kakar ma ta yi baki." Ta sunkuya ta sungumi tukunyar shinkafa guda ta nufi ƙofa da ita, mata suka bi ta suna ƙwacewa.

'Yata ba ta yi dariya ba ranar, kuma har ta koma ba ta ce na yi daidai ba. Ni ma ban ba ta haƙuri ba. Ta tafi da batakarin. Da ta isa ta bugo waya ta ce duk akwatinta warin daddawa yake. Na ce ta wanke shi mana. Ta ce a'a.

Na gaya mata tun yanzu, don kada wani ya sake aikawa da saƙo: ran da tawa ta zo, zanen da nake zuwa kasuwa da shi da kallabina a miƙa wa jikata. In ta riga ni tafiya, tana da 'ya'ya mata, kuma babbar ta iya tafiyata sarai.