Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Ranar da aka ɗaura mini aure ina ɗakin gwaggona a Kano, ƙafata cikin lalle. Angon yana nan ƙasar waje, a unguwar Bronx, yana tuƙa tasi. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar iyayena, shi ya haɗa abin. Ya nuna mini hoto na ce na yarda, ina da shekara ashirin da bakwai, ba wanda ya matsa mini. Waliyyina da wakilin ango suka zauna a ƙofar gida, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Wa zai ce wannan zai zame mini abin kuka? Na zo muka zauna a Tremont, cikin Bronx ɗin, shekara shida, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da ya samu takardunsa na zaman ƙasa sai ya nema mini nawa, aka kira mu ofishin shige da fice.

Jami'ar da ta karɓe mu ta yi ta juya hotunan ɗaurin auren. Maza ne zalla cikin manyan riguna.

"Ina amaryar? Ina angon?" in ji ta.

Muka yi bayani da iya Turancinmu. Sai ta dube ni ta ce, "Yaya sunan mijinki?"

Na sunkuyar da kai. Malam nake ce masa. Ga shi miji, ga shi sunan mahaifina gare shi, ta ina zan fara? Har murmushi na yi, wai ni mai kunya, sakarya kawai! Shi kuma garin ya cece ni ya yi caraf ya faɗa. Matar ta yi rubutu mai tsawo.

Lauyan da muka nema bai ɓoye mana ba. Ba amarya a hoto, ba ɗa, mata ba ta san sunan miji ba: auren bogi suke zargi. Za a sake kiranmu sau ɗaya, in na faɗi gida za a mayar da ni. Wallahi na tsorata. In koma in ce wa kawu me? Abinci ya daina shiga, in na ɗaga hannu addu'a sai kuka.

A lokacin ina kula da wata tsohuwar Baturiya, malamar tarihi ce da ta yi ritaya, baki gare ta kamar reza. Ta kama ni ina hawaye ina dama mata kunu, ta matsa sai da na faɗa mata. Ta sa na sauko da wani ƙaton littafi, ta nuna mini zanen wata yarinya mai faffaɗan goshi.

Sarauniya ce ta can Turai, ɗaruruwan shekaru baya. Marainiya, an bar mata ƙasa tun tana ƙarama, manyan fada suka haɗa ta da wani sarkin da ba ta taɓa gani ba. Shi ma bai zo ba, wakili ya aiko. Wakilin nan ya tuɓe ƙafa ɗaya ya sa a gadonta a gaban shaidu, wai an ɗaura ke nan.

"Subhanallahi!" na ce. "Mu dai goro muke rabawa. To, ta zauna lafiya?"

"Ina fa. Aka ce ba aure ba ne, aka warware, aka ba wani ita."

Na ji kamar in buga mata littafin a ka. Ina neman mai lallashi, ta ƙara mini gishiri a gyambo.

"Ita ba wanda ya tambaye ta komai," in ji tsohuwar. "Ke za a tambaye ki. Faɗi sunan mijin naki in ji."

Na kasa. Washegari ta ƙi shan magani sai na faɗa. Na juya mata baya, na fuskanci bango, na faɗa kamar mai sata. Ta ce ba ta ji ba, ita kurma ce. Mako uku muna haka, kullum ina neman gafarar mahaifina a zuci.

Ranar komawa ta zo. Jami'ar ta sake tambaya, Malam yana gefena. Na ɗaga kai na faɗa, da ƙarfin da na saba yi wa kurma, har mai gadi ya leƙo. Ta ce za mu ga wasiƙa.

A jirgin ƙasa hanyar gida na kasa kallonsa. Sai da muka kusa sauka ya ce, a hankali, "Tun da inna ta rasu ba wanda ya kira ni haka."

Wasiƙar ta zo bayan wata biyu, an yarda. Har yau Malam nake ce masa. Amma ranar da ya kwanta asibiti bai san inda kansa yake ba, likitoci suna ta kira ba ya motsi, na sunkuya na faɗa masa sunan a kunne, ya buɗe ido.