Yaya Iro da Ɓawon Gyaɗarsa

Duk wanda ya zauna da Yaya Iro ya san aljihunsa na dama ba ya rabuwa da ƙaiƙayin gero. Ko masallaci za shi, sai ya tsaya a bakin zaure ya ɗebo kaɗan ya saki, ya bi shi da ido ya ga inda iska ta nufa da shi, sannan ya wuce. Wata rana na ce, "Yaya, salla za ka ko harbi?" Ya ce, "Auta, ɗan bindiga ba ya yarda iska ta shammace shi." A lokacin nan fa ko katangar gida bai taɓa samu da harbi ba.

Na san cikinku akwai waɗanda suka tashi suka gan shi da bindiga a kafaɗa, ba su san maɗinki ba ne. Babanmu ne ɗan bindiga, da shi aka tare Damagarawa da suka kawo wa Gumel yaƙi. Da Nasara suka zo yaƙi ya mutu, sai tsofaffin 'yan bindigar ƙasarmu suka rasa abin harbi. Shi ne bayan kaka suke taruwa a wani fili ta hanyar Gagarawa, su ɗora masaki kan turke a gaban suri, su ja baya taki ɗari, su gwada hannu. Kowane gida da gurbin da yake durƙusawa. In mai gurbi ya mutu, magajinsa yana da kaka uku, kowace kaka harbi uku. In bai fasa masakin ba, Sarkin Baka ya karɓe bindigar da gurbin ya ba wani gida.

Baba ya rasu Yaya Iro yana neman shekara hamsin, kuma shi kaɗai ne namiji. Sarkin Baka ya zo har zaure, ina jin su ta bayan zana.

"Malam Iro, kai allura ka sani. Ka ba da bindigar nan cikin girma da arziki, ba wanda zai ga laifinka."

"Ranka ya daɗe, mutumin da ke zura zare a kafar allura, masaki ne zai gagare shi?"

Washegari ya fita bayan gida ya ɗura ta. Maimakon ya tokare gindinta a kafaɗa, sai ya manna shi a kumatu, ya kanne ido ɗaya, kamar dai zaren zai zura. Muka ji ƙara, muka ji shiru. Kwana bakwai kunu nake dama masa, muƙamuƙi ya ƙi tauna. Da bakin ya buɗe, abin da ya fara cewa shi ne, "Ta gane ba Baba ba ne. Za ta saba."

Wanda ya koya masa shi ne Buba, Bafulatanin nan na rugar gabas, wanda harbinsa ba ya faɗuwa ƙasa. Mu kuwa Mangawa ne, kun san tsakaninmu da Fulani sai tsiyar wasa. Kullum zai zo da ƙwaryar nono a hannu, da baƙar magana a baki. Ya nuna masa yadda ake tokare kafaɗa, a riƙe numfashi, a ɗaga bakin bindiga sama da masakin kaɗan, don dalma tana gajiya a hanya. Duk Yaya ya ɗauka. Abu ɗaya ya ƙi, ma'aunin albarushi. Kowa da guntun gora tsawon yatsa yake aunawa, shi kuwa ɓarin ɓawon gyaɗa ya samu, ya ce cikinsa ɗaya ya isa.

"Bawana," in ji Buba, "wannan ai ko kwalli ne bai ishi ido biyu ba."

"Kai da ke bin saniya me ka sani? Albarushi ba a shuka shi. Wanda ya ƙone ya tafi."

Harsashinsa ma ɗaya ne tak, dunƙulen dalmar da ya tarar a jakar Baba. In ya harba, sai ka ga dalmar ta fito a gajiye, ta faɗi tsakiyar hanya ta gangara. Ya taka ya je ya ɗauko abarsa, ya hure mata ƙasa. In ta lotse ya narka ta a kaskona na tuya. Na yi magana, ya ce ai dalmar gado ce, ni ma da rabona a ciki.

Ana nan ya ɗauke sabon masakina, wanda aka kawo mini daga kasuwar Maigatari, wai zai riƙa gwaji da shi. Na zauna ina hawaye. Buba ya leƙo ya ce, "Auta, share idonki. Duk ƙasar Gumel babu inda masakin nan zai fi samun lafiya kamar gaban bindigar Iro." Wata biyu yana kan turke. Ya dawo mini ko ƙwarzane babu, sai dai kurciya ta fara tara masa tsinke.

Kaka ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ana dariya. Ta uku ba mu yi dariya ba a gida. Har an fara raɗe-raɗin gidan da za a ba gurbin. Ni da kuka sani ko rijiya ba na son zuwa, ranar na ɗaura zane na bi mata masu fura har filin.

Ya durƙusa a gurbin Baba, inda gwiwar tsohon ta yi ɗan rami. Ɓawo ɗaya, ya harba, dalma ta faɗi a hanya. Aka jira shi ya je ya ɗauko. Na biyu ma haka, sai dai ta ƙara taki kamar biyar, har ya juyo yana duban mutane ko za a yaba. Sarkin Baka ya sunkuyar da kai.

Saura ɗaya. Yaya ya cika ɓawon ya juye. Ya daɗe yana kallon ramin da ke ƙarƙashin gwiwarsa. Sai muka ga ya sake cikawa ya juye.

Buba ya ce a hankali, "Bawana, biyu ke nan fa."

"Ɗaya na zuba. Wancan na Baba ne."

Ya cika na uku.

"Wannan fa?"

"Na Auta. Ita za a tambaya in an yi asara."

Ya danna dalmar da sanda, ya tokare kafaɗa, ya ɗaga baki yadda aka koya masa. Ƙarar da ta tashi ranar, tun Baba yana da ƙarfi rabona da jin irinta. Hayaƙi ya rufe shi. Da ya washe, sai ga masaki ya rabu biyu, ɓari ɗaya yana lilo a kan turke. Wallahi ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba.

Sarkin Baka ya miƙe ya ce gurbi ya tabbata a gidanmu, a kira Malam Iro ya zo a sa masa albarka. Aka duba, babu Malam Iro. Can muka hango shi bayan suri, yana rarrafe cikin kututturen dawa. Dalmar ta fasa masaki, ta goge ƙeyar surin, ta yi gaba abinta. Aka aika masa Sarkin Baka yana jira. Ya ce, "A ce masa ya yi haƙuri, albarka ba ta ɓata, dalma ce ke ɓata." Kwana uku yana zuwa filin nan da rariyata. Bai same ta ba. Har ya bar duniya, in aka yabi harbin nan sai ya ce, "Kun ga abin da ɓarna ke jawowa."

Bayan nan ya yi kaka tara yana durƙusawa a gurbin da wata dalmar, ya koma ɓawonsa ɗaya, bai ƙara taɓa masaki ba, ba kuma wanda ya ce masa don me.

Ranar da aka kai shi, Buba ya zo da yamma ya zauna a zaure. Na kai masa ruwa, ina jiran ya yi tsiyar da ya saba ko na samu sanyi a raina. Ya riƙe moɗar bai sha ba. Can ya ce, "Auta, yanzu wa zan zaga?" Sai ya ja rawani ya rufe fuska.

Allah ya jiƙan Yaya Iro, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya sada shi da Baba cikin rahama, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.