Talibambam Biyar a Bakin Taga

Shekarar da nake aji huɗu a lakwal ɗin Malbaza, wato makarantar boko, da farkon damina, malaminmu da muke kira Mushe ya kawo wata babbar kwalba. Ya cika ta da ruwan tabki da gansakuka da talibambam biyar, ya ɗora a bakin taga. Da yake ba na surutu a aji, ni ya ba aikin zana su kowace safiya a littafina. Ya ce nan da mako biyu mai hoto zai zo daga Ƙonni, a aika wa mai duba makarantu hoton. Kafin nan, duk wanda ya taɓa kwalbar zai sha bulala.

Mai zane dole ya daɗe yana kallo. Haka na ga ƙafafun baya sun fito, sannan na gaba, wutsiya tana ragewa. Sai na lura sun daina yawo a ƙasan ruwa. Su hawo sama, su ɗaga hanci, su kama gilashi da 'yan yatsunsu, su zame. Babu dutse, babu kara da za su hau su huta. A tabki na san irinsu bakin ruwa suke fita. Sau uku na tsaya gaban teburin Mushe, bakina ya ƙi buɗuwa.

A gida, bayan magariba, Kaka takan hura wuta ta ɗora ɗanyen haki don hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu kewaye ta. Ran nan da za ta fara tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo ta zauna."

Wani mutum ne, in ji ta, ya shuka duma. Da duman ya yi ɗa ƙarami, ya zura shi cikin tulu mai ƙaramin baki don kada awaki su ci, ya sa ɗiyarsa tsaro. Kullum yarinya na leƙawa tana ganin duma na girma. Uban kuwa daga nesa yake hango tulu lafiya lau, ya wuce gona. Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ranar da ya zo ɗauka, duma ya cika tulu tam, ba ya fita.

"To, tulu za a hwasa, ko duma za a yanka?"

Yara suka kaure da gardama. Kaka ta juyo wajena.

"Ke, Hadiza, sarkin kurame, mi kin ka gani?"

Na ce, "Kaka, da ta faɗa, ai dukanta zai yi."

"Ƙila. Amma bulala kwana biyu ta warke, ƙawata. Je ki ɗebo min ruwa."

Washegari ma na kasa magana. Na dai buɗe littafina na ajiye a teburinsa, zane goma sha ɗaya a jere. Ya juya shafukan a hankali, ya ce na iya zane, ya ba ni maki mai kyau. Bai ga abin da nake nuna masa ba, ni kuma na koma benci na zauna.

Ranar da mai hoto ya zo, biyu sun kwanta a ƙasan kwalba, ciki sama. Mushe ya tsame su da cokali, aka goge gilashi, aka jera mu a bayanta. Hoton ya fito da kyau: ruwa garau, yara tsaf, ni a gefe da littafi a ƙirji. Babu abin da ya nuna sun taɓa zama biyar.

Na daɗe ina jin haushin Mushe. Sai da na zama ma'aikaciyar jinya na gane inda Kaka ta dosa. Likita yakan leƙo sau ɗaya da safe, ya ga majinyaci a gyare, ya wuce. Ni ce ke wuni da shi, ina ganin numfashi na sauyawa. Har yau, in zan tsayar da likita, nakan ji tsoro. Hakan nan nake shan gabansa in ce, "Likita, dawo ka sake duba wannan."